Musayar Waƙa a kan Laburaren Akra da Waɗanda Suka Kafa Shi
(Tsakanin mazauna Sabon Zongo da Nima da Tudu, unguwanni a Akra, babban birnin Ghana)

Dattijon Sabon Zongo:
Assalamu alaikum. Na buɗe da ƙwar biyu, kuma ina roƙon duk mai amsawa ya riƙe amsa-amon da na ɗauka.

Da sunan Allah nake fara wannan waƙa,
Shi ne Ya koyar da ɗan Adam rubutawa.

Wanda ya ga laburaren Akra tsaye a yau
Zai zaci gwamnati ce ta soma kafawa.

Alhali Bishop Aglionby na cocin Anglican ne, a 1928,
Ya buɗe ɗakin littattafansa don amfanin kowa.

Littattafai wajen 6,000 ne ya tara a gidansa,
Bai kulle su ba, ya yarda a zo ana arowa.

Ya ƙara da fam 1,000 daga aljihunsa,
Domin a sami gini mai kyau na ajiyewa.

Addininmu ba ɗaya ba ne, na san da haka,
Amma wanda ya yi alheri ya cancanci yabawa.

Malamar Nima:
Baba, Allah Ya ƙara maka lafiya, na karɓa daga inda ka tsaya.

Ka ambaci namiji ka bar mace a baya,
Ga Evelyn Evans, ma'aikaciyar laburare, da ta sha wahalar shiryawa.

Dokar 1949 ce ta haifi hukumar laburare,
Da shigowar 1950 ta kama aiki ba tsayawa.

Evans ta shugabance ta, ta karɓi littattafai 27,000
Waɗanda British Council, cibiyar al'adun Birtaniya, ta amince da miƙawa.

Kumasi ta sami nata ginin a 1954,
Babban na Akra sai 1956 aka yi buɗewa.

An ɗora akwatunan littattafai a mota zuwa karkara,
Har malamin ƙauye ya sami abin karantawa.

Ɗan Tudu:
Baba da Malama, ku gafarce ni, akwai abin da ke damuna.

Ban musa ko ɗaya daga abin da kuka faɗa ba,
Sai dai sunayen da na ji duka na Turawa.

Nkrumah ya buɗe laburaren tunawa da George Padmore, ɗan kishin Afirka, a 1961,
Domin tarihin Afirka ya sami wurin taruwa.

Kuma tun kafin Aglionby ya sauka a ƙasar nan,
Malaman Salaga a arewa sun daɗe da littattafai suna kwafewa.

Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Kete Krachi,
Da Larabci da ajami ya yi ta wallafawa.

Ya rasu a 1934, ya bar ɗalibai da takardu,
Wasu suna jami'ar Legon, can ake adanawa.

Sauran na malamanmu suna cikin adaka a zaure,
Gara da damshin damina suna ta cinyewa.

Dattijon Sabon Zongo:

Ɗana, maganarka ta shige ni, kuma gaskiya ce,
Littafi ba baƙo ba ne a gidan Hausawa.

Abin da ya hana magada buɗe adakar iyayensu
Shi ne mai aro da kan tafi ba ya dawowa.

Malamar Nima:

Baba, wannan tsoron yana da magani a unguwarmu,
Domin mun ga abin da ƙaramin hannu ke iyawa.

Kathy Knowles 'yar Kanada ta fara a 1990,
Da kwandon littattafai da yara shida a inuwa.

A 1998 aka buɗe laburare a nan Nima,
Yaranmu suna shiga bayan makaranta suna ƙaruwa.

Idan magada suna jin tsoron ɓatan takarda,
A ɗauki hoton kowane shafi, asali ya zauna a gida ana adanawa.

Dattijon Sabon Zongo:

'Yata, adakar mahaifina tana nan a ɗakina,
Akwai fiƙihu da nahawu da wasiƙun Kanawa.

Na yarda a ɗauki hotonsu bisa sharaɗi biyu,
Na farko, a gabana za a yi aikin ba fitarwa.

Na biyu, a rubuta sunan malamin da ya kwafa,
Da garin da ya zauna, kafin a kai ga rabawa.

Ɗan Tudu, ka zo ranar Asabar bayan La'asar,
Ka taho da wanda ya iya ajami don tantancewa.