Neman shawara: waɗanne kifayen ado ne za su zauna lafiya a akwati ɗaya?

Mai tambaya, daga Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi akwatin gilashi mai cin ruwa lita 80, da matatar ruwa da famfon iska, na ajiye a falo. Ruwan burtsatse muke amfani da shi a gidan. Yara sun dage sai kifin zinare biyu da beta mai jar jela, ni kuma enjel biyu, taiga-bab uku da niyon tetra nake so. Mai shago ya ƙara mini da pleko, wai shi zai riƙa lashe gansakuka, kuma ya ce duk za su zauna tare. Kafin in biya kuɗi, me kuka gani?

Wani ɗan'uwa daga Kaduna:
Wa alaikumus salam Malam. Riƙe kuɗinka tukuna, wannan haɗin rigima ce. Taiga-bab masu cizon jelar sauran kifaye ne, in kuma ba su kai shida ba abin ya fi muni, don a kan maƙwabta suke huce haushi. Beta da enjel duka dogayen jela gare su, za ka wayi gari ka tarar jelar ta zama tsumma. Shi kansa enjel kada lafiyar fuskarsa ta ruɗe ka. Yanzu yana ƙarami, amma in ya girma niyon tetra abincinsa ne. Duk kifin da ya shiga bakin wani, to an gama da shi. Pleko irin wanda ake yawan sayarwa kuwa yana wuce santimita 30, lita 80 ta yi masa kaɗan, kuma kashinsa ya fi gansakukar da yake lashewa yawa.

Wata 'yar'uwa daga Jos:
Kifin zinare ma a cire shi. Ruwan sanyi yake so, kamar digiri 18 zuwa 22, sauran kuma sun fi jin daɗin 24 zuwa 27. Ga ci ga ɓata ruwa. Amma niyon tetra ni ina da su, takwas ka zuba, ba abin da ya kai su kyau in suna tafiya a gungu.

Wani dattijo daga Kano:
Hajiya, Jos daban, Kano daban. A watan Afrilu in aka ɗauke wuta, ruwan falo yakan haura digiri 30, niyon kuwa da ya wuce 26 ya fara wahala. Asalinsa ƙoramun Amazon ne, ruwa mai laushi. Ruwan burtsatse sau da yawa yana da gishirin ƙasa, kai mai tambaya ka duba cikin butar shayinku, in akwai farin ɓawo a gindinta to ka samu amsa. Irin wannan ruwa gupi da plati da moli suke so, kuma sun fi jure zafinmu.

Da ni ne, ɗana, gupi shida zan sa, maza biyu mata huɗu, don namiji ba ya barin mace ta huta. Haihuwa suke yi ba ƙwai ba, kusan duk wata, saboda haka ka san wanda za ka riƙa bai wa 'ya'yan, ko ka sayi maza zalla. Sai koridoras shida, ƙananan kifaye masu gashin baki da ke zama a ƙasan akwati, amma ka shimfiɗa musu yashi mai laushi, tsakuwa mai kaifi tana cinye musu gashin baki. Ka nemi nau'in sterbai in akwai, ya fi 'yan'uwansa jure ɗumi. Kuma kada yara su jefa ɗan tarwaɗa ciki don wasa, da dare zai bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mai tambaya:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To betan yaran fa? Kuka za a yi mini. Kuma gobe zan iya zuba kifayen?

Ɗan'uwan Kaduna:
Beta ka yi masa nasa ɗakin, lita 20 da murfi, don yana tsalle. Shi kaɗai, maza biyu ba sa haɗuwa, kuma jelar gupi ma takan tsokane shi. Gobe kuwa a'a. Bar matatar ta yi aiki mako huɗu zuwa shida kana ɗan yafa abinci, har ƙwayoyin bakteriya da ke cinye dafin kashin kifi su kafu. Sannan ka fara da gupi, bayan mako biyu ka kawo koridoras. Ka tanadi famfon iska mai batir kafin bazara, ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai.