Motata ta faɗi gwajin hayaƙi, makanike ya ce sai na sauya katalis

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Na kai motata gwajin hayaƙi saboda sabunta takardu, sai ta faɗi. Ƙirar 2009 ce, mai fetur, silinda huɗu. A takardar sakamakon an nuna cewa cikin gurɓatattun iskokin da ake aunawa a hayaƙin, CO da HC sun haura ƙa'ida, NOx kuma lafiya lau. Wutar cek injin tana kunne, kuma kwanan nan shan man motar ya ƙaru. Makaniken da na kai wa ko bonet bai buɗe ba ya ce katalis ɗin ne ya mutu, wato na'urar tace hayaƙi da ke jikin salansa, sai an sa sabo. Kuɗin da ya faɗa ya fi ƙarfina a yanzu, ga shi da ita nake kai yara makaranta in wuce aiki. Don Allah akwai wata hanya mai sauƙi?

Sadauki: Wa alaikumus salam. Hajiya ki cire kan batir na minti goma ki mayar, wutar za ta ɗauke. Sai ki koma a sake gwadawa, shi ke nan.

Baban Khalil: Sadauki, Allah ya shirye ka, kada ka sa baiwar Allah ta biya kuɗin gwaji sau biyu. Cire batir yana goge lambar matsala, amma yana goge har da bayanan gwajin da ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, ke yi wa kanta. Idan masu gwajin suka jona na'urarsu za ta nuna motar ba ta shirya ba, su ce a je a dawo. In kuma bututu suke sakawa a salansa, to hayaƙin yana nan yadda yake, bai san an cire batir ba.

Maman Iman, ni makanike ne, kuma abin da ya fi damuna a labarinki shi ne yanke hukunci ba tare da an jona sikana ba. Motarki tana da OBD-II, wato tsarin da ake jona sikana a karanta lambobin matsalar mota. Tun 1996 aka wajabta shi a motocin da ake sayarwa a Amurka, Turai ta bi baya da motocin fetur a 2001. Soket ɗin yana ƙasan sitiyari, karanta shi kuma aikin minti biyar ne. Ki sa a karanta, ki ɗauki hoton lambobin, kada ki yarda a goge. Sannan ki kawo mana su nan.

Injiniya: Ina goyon bayan Baban Khalil, kuma takardar da ke hannunki ta riga ta faɗi rabin labarin. CO ya yi yawa yana nufin fetur ya fi iskar da ake ƙona shi da ita. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. HC kuwa fetur ne da ya fito ɗanye bai ƙone ba. NOx yana tashi ne idan injin ya yi zafi sosai ko mai ya yi masa kaɗan, naki kuma bai tashi ba. Haɗa wannan da ƙaruwar shan mai da kika ambata, sai a gane injin ɗin ana ɗura masa mai fiye da buƙata. Katalis aikinsa ya ƙarasa ƙona ɗan abin da ya rage. Idan aka turo masa abin da ya fi ƙarfinsa, ko sabo ne fil daga kwali sai motar ta faɗi.

Ummu Haidar: Ni dai ruwan wankin nozul (mai fesa fetur cikin injin) na zuba a tanki, na yi doguwar tafiya, tawa ta wuce.

Injiniya: Yana taimakawa idan datti ne kaɗan a nozul, amma ina zargin doguwar tafiyar ce ta yi miki aikin. Ba ya gyara sensar da ta mutu.

Maman Iman: Na gode ƙwarai. Na je wani gareji an karanta: P0172 da P0420. Mai garejin ya ce ta biyun ai katalis take nufi. Ashe dai makaniken farko gaskiyarsa?

Baban Khalil: Kada ki yi saurin sarewa. P0420 cewa take yi katalis ba ya aiki yadda ya kamata, ba ta ce me ya hana shi ba. P0172 ita ce ke cewa mai ya yi yawa, kuma ita za a fara bi. Wanda ya sa sabon katalis bai magance ta ba, kamar mai sauya silin ne bai toshe yoyon kwano ba, damina ɗaya za a koma gidan jiya. Ɗanyen fetur idan ya isa cikin katalis a can yake ƙonewa, zafin har narkar da saƙar da ke ciki yake yi.

Ga yadda zan bi da a gabana take, daga mai araha zuwa mai tsada. Filtar iska tukuna, a ɗaga ta a rana, in haske ba ya ratsawa a sauya. Sai sensar MAF, mai auna iskar da ke shiga injin, da ke bayan filtar, a fesa mata maganin wankinta na musamman, kada a taɓa siririyar wayar ciki da hannu ko tsumma. Sai a kwance fulogai. In sun yi baƙi ƙirin da toka, sun tabbatar da zancenmu, in sun cinye a sauya duka huɗun.

Daga nan akwai abin da mutane ke mantawa, wato tamostat, mai tare ruwan lagireto har sai injin ya ɗumama. Ki lura da allurar zafi bayan kin yi tafiyar minti goma sha biyar: tana kai tsakiya ko tana maƙalewa a ƙasa? Injin yana son zafin da ya kai wajen digiri 90. Wasu abokan sana'armu suna cire tamostat su yar, wai don kada mota ta yi zafi, abin da ke ba ni haushi matuƙa. Injin da bai ɗumama ba, ƙwaƙwalwar mota tana ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai. Haka ma idan sensar zafin ruwa tana ba da labarin ƙarya.

Sai sensar oksijin ta gaba, wadda ke kafin katalis. Ita ce ke gaya wa ƙwaƙwalwa a ƙara mai ko a rage, kuma tana kasala idan ta tsufa. Mai sikana mai kyau zai ga motsinta a allo injin na aiki, ba sai an saya an gwada sa'a ba. A kuma duba ko salansa na yoyo kusa da sensar, domin iskar waje tana ruɗa ta. Nozul mai ɗiga shi ne na ƙarshe.

Dattijo: Ƙari a kan na Baban Khalil, 'yata: bayan gyara a juye baƙin mai, domin fetur ya riga ya tsinka shi, tururinsa kuma yana komawa cikin injin. Sannan kada ki je gwaji da mota mai sanyi. Katalis ba ya fara aiki sai ya kai zafin digiri 250 zuwa 300. Ki yi gudun minti ashirin a babbar hanya, ki shiga layi da zafinta.

Ki kuma karanta bayan takardar nan ko ki tambaye su. Wurare da yawa suna ba da wa'adin sake gwaji kyauta ko da ragi, wasu ma suna ɗaga ƙafa ga wanda ya nuna ya kashe wani adadi a gyara. Saboda haka kowane rasit ki adana shi.

Sadauki: To in katalis ɗin ne fa da gaske? A fasa shi a zazzage cikin, a mayar da gwangwanin.

Injiniya: Haramun ne a dokar ƙasashe da yawa, kuma hayaƙin zai ninka, faɗuwa ta tabbata. Bar ma maganar doka, CO guba ce marar wari, ga yara a kujerar baya. Tsadar katalis daga filatinam, faladiyam da rodiyam ɗin da ke ciki take. Na kasuwa mai arha ƙwarai yawanci an rage masa waɗannan ƙarafan, shi ya sa wutar kan dawo ba da jimawa ba. Araha ba ta ado. In ya zama dole, a nemi matsakaici wanda aka yi don ƙirar motar, da garanti a rubuce.

Maman Iman: Baban Khalil, na lura yau da safe, allurar ba ta kai ko kwata ba har na isa wajen aiki. An buɗe, babu tamostat kwata-kwata. An sa sabo, an sauya filta da fulogai da baƙin mai, an goge lambobin. Gobe in koma gwajin?

Baban Khalil: A'a, ba gobe ba. Tunda an goge, ki ba ta kwanaki kina hawa yadda kika saba, cikin gari da babbar hanya, ana tayar da ita da sanyin safiya. Sai ki koma wajen mai sikana ya duba ko gwaje-gwajen ƙwaƙwalwar sun kammala, musamman na katalis da na sensar oksijin. In sun kammala wuta ba ta dawo ba, ki tafi. In P0420 ta dawo ita kaɗai, sai a auna sensar oksijin ta baya, wadda ke bayan katalis, kafin a yi zancen sayen komai.