Sunana ya fito a tantancewar soja, amma gabana sai faɗuwa yake

Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Na cike fom ɗin sojan ƙasa ta intanet, sunana ya fito cikin waɗanda za a tantance. Tun ranar rabona da barcin kirki. Inna ko zancen ba ta son ji, wai Sambisa za a kai ni. Yayyena da suka riga ni shiga, yaya kuka yi da tsoron?

Saje Mai Ritaya: Wa alaikumus salam ƙanena. Ranar da na sauka a depo na Zariya, inda ake horar da kurata, hantar cikina kaɗawa take. Aka yi mana aski ƙwal, ka duba madubi ba ka gane kanka. Bindiga ba ta taɓa firgita ni kamar tashin asuba ba: ga hunturun Zariya, ga gudu, ga tsallen kwaɗo har cinya ta daina jin magana. Sati ukun farko kullum dare sai na ce gobe zan tsere. Wani yaro ɗan Binuwai da ke kwana kusa da ni ne ya hana. Ko Hausa ba ya ji, takalmi ya yi wa ƙafarsa bororo duk ta ɗaye, amma shi ke tashina yana dariya. Kunyarsa ta riƙe ni wata shida har aka yaye mu.

Na Barikin Maimalari: Ba zan yi maka ƙarya ba, tsoro bai bar ni ba har yau. An kawo mu Maiduguri tun ana ce wa aikin yaƙi da Boko Haram Lafiya Dole, kafin a mai da shi Haɗin Kai a 2021. Karon farko da na ji harbi na gaske bakina ya bushe ƙamas, amma hannuna ya yi abin da aka koya masa ban sani ba.

Maman Kurtu: Ɗana, kar ka yi musu da Inna. Ni sai da nawa ya kawo kawunsa muka zauna, sannan na sa albarka. Har yanzu in wayarsa ta ƙi shiga ba na iya cin abinci.

Saje Mai Ritaya: Af, na manta. Ɗaukar kurtu kyauta ce, duk wanda ya nemi kuɗi ɗan damfara ne. Kuma ka fara gudun safe tun yanzu.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai. Yau bayan asuba na zaga unguwa sau biyu, har haki ya kusa kayar da ni. Da la'asar zan je wajen Kawu.