Ɗaura sifoila a bayan Corolla: a huda but ko a liƙa da tef?

Mai_Corolla_Mabera:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Corolla ƙirar 2010, ina son ɗaura mata sifoila, wato fiffiken nan da ake sa wa bayan mota, a murfin but. Kala biyu na gani: akwai siririya da ke kwanciya a leɓen murfin, akwai kuma mai ƙafafu biyu da fitilar burki a tsakiya. Mai kayan ya ce duka biyun tef mai fuska biyu ya ishe su. Shin tef zai riƙe a zafin Sakkwato, ko dole sai an huda? In hudawa ce, ya ake yi ruwa bai shiga but ba?

Fanal_Bita_Arkilla:
Wa alaikumus salam Malam. Maganar mai kayan rabi ce. Siririyar ta yarda da tef, don ba ta da nauyi kuma duk cikinta na kwance a jikin ƙarfe. Mai ƙafafu kuwa sai noti. Wurin da ƙafafunta ke taɓa murfin bai fi tafin hannu biyu ba, ga iska na bi ta ƙarƙashinta tana fizga. Ƙarfin iskar nan ninki huɗu yake yi idan gudu ya ninka biyu, wato abin da ta ji a kilomita 60 cikin gari, huɗunsa za ta ji a 120 kan hanyar Birnin Kebbi. Ƙara da rufe but da ƙarfi da ramukan hanya. Ranar da ta cire, gilashin na bayanka za ta faɗa wa.

Kafin komai a aza ta a kan murfin a ga zamanta, tun ba a yi mata fenti ba. In akwai rata tsakanin ƙafa da ƙarfe fiye da milimita 2, ba ta wannan motar ba ce, kada a ce noti zai jawo ta. Sifoilar da aka yi da faiba tsagewa take, murfin kuma ya lotsa.

In ta zauna daidai, a shimfiɗa tef ɗin takarda na masu fenti a duk inda za a yi aiki. A auno tsakiyar murfin daga gefe da gefe a ja layi. Kada a dogara da tambarin Toyota, motar da aka taɓa yi wa gyaran baya sau da yawa tambarin ya goce. In sifoilar ba ta zo da takardar awo ba, a ɗaura mata kusoshinta, a shafa ɗan giris a bakin kowace, mutum biyu su sauke ta a hankali, giris ɗin zai nuna wurin hudawa. A sake aunawa daga layin tsakiya zuwa kowace alama, dama da hagu su zo ɗaya.

Wurin da aka fi ɓarna shi ne nan: murfin but ƙarfe biyu ne, fatar waje da ƙashin ciki. A cire shimfiɗar ciki a leƙa inda hujin zai faɗo, a kuma janye wayoyin fitilar lamba da na makulli. A buga ɗan tabo da fanc, wato ƙarfe mai tsini na yin alama, a hankali don kada bakin diril ya zame ya karce fenti. A fara da baki mai milimita 3, sannan 6.5 ko 7 idan kusar M6 ce, wato mai kaurin milimita 6. A naɗa tef a jikin bakin kamar santimita 1 daga tsini, ya zama iyaka. In ƙashin ciki ya tare, daga ciki ake buɗe shi da bakin diril mai hawa-hawa har soket lamba 10 ya shiga. Kada a ɗaure noti a kan ƙashin ciki alhali akwai sarari tsakaninsa da fatar waje, matse su za a yi, lotsawar ta fito a sama kowa na gani.

Garin ƙarfen da ya zubo a kwashe shi tas da maganaɗisu, in ya kwana a kan fenti ko cikin lungun murfi tsatsa zai zama. A goge kaifin hujin, a shafa firaima mai zinc a bakinsa, a bari ta bushe. Sannan roba a ƙarƙashin kowace ƙafa, ɗan gam na polyurethane irin na gilashin mota a kewayen kusa, washa mai faɗi daga ciki, da noti mai roba a ciki wanda jijjiga ba ta kwance shi. Silikon mai warin tsami kada ya kusanci wurin, asid ɗinsa na cin ƙarfen da ba fenti. Ɗauri da hannu, ana zagayawa kaɗan-kaɗan, da robar ta kwanta a tsaya.

Mai_Fenti_Gawon_Nama:
Maigida ya gama maganar huji. Ni ta tef zan yi, don in kwalliya kawai kake so, siririyar ta fi maka kwanciyar hankali, kuma ranar sayar da mota ba huji a murfi.

Zafi ba shi ke fara kashe tef ba, datti ne da tef ɗin bogi. Mai jan bawo da ake sayarwa a bakin titi kumfa ce kawai da ɗan gam, watan Afrilu ɗaya ya ishe ta narkewa. A nemi tef ɗin kamfanin 3M mai suna VHB na asali, kamar lamba 5952, baƙi mai kaurin milimita 1.1. Wanda ya zo manne a jikin sifoila mai araha gara a ɓare shi a sa sabo.

A wanke murfin da sabulu, ya bushe, a goge da sifirit na isopropyl rabi da ruwa rabi, da tsumma mai tsabta, shafa ɗaya zuwa gefe ɗaya. Ban da fetur, yana barin maiƙo. Ban da tina, tana cin fenti. Folish da man ƙyalli su ne manyan abokan gaban gam. Cikin sifoilar ma a goge, in robar ABS ce a shafa mata Primer 94, ruwan da ke ƙara wa tef riƙo, siriri ya sha iska minti 5.

Lokacin aiki ma da muhimmanci. Gam ɗin ya fi son tsakanin digiri 21 zuwa 38, ƙarfen mota baƙa kuwa da ya sha ranar azahar a nan hannu ma ba ya iya taɓa shi. A yi da safe a inuwa. Da hunturu a shiga cikin gareji a yayyafa ruwa a ƙasa, don ƙurar da za ta sauka cikin minti 2 ta isa ta ɓata aikin. A ɓare bakin bawon kaɗan a kowane gefe a lanƙwaso shi waje, a daidaita sifoilar a kan alama, sannan a zare bawon a hankali ana dannawa daga tsakiya zuwa gefe. A danna kowane wuri da ƙarfi kamar daƙiƙa 30. Riƙonsa rabi ne bayan minti 20, kashi 90 bayan awa 24, cikakke sai awa 72. Cikin kwana 3 ɗin nan ba wanki, ba doguwar tafiya.

Lambar fentin motarka na jikin sitikar da ke ginshiƙin ƙofar direba, bayan haruffan C/TR. Amma rana ta riga ta ci fentin motar 2010, don haka a gwada haɗin a gefen murfin kafin a fesa.

Mai_Corolla_Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Raina ya fi kwantawa da mai ƙafafun. To fitilarta fa, ina za a haɗa? Kuma za ta rage shan mai kamar yadda ake faɗa?

Mai_Wayarin_Runjin_Sambo:
Malam, batun mai ka cire shi a lissafi. A gudun cikin gari ba abin da za ta canza, mai ƙafafun ma ƙara jan iska take. Corolla da ƙafafun gaba take ja, danna bayanta bai ƙara mata komai.

Fitila kuwa, a samo wayar burki a bayan fitilar baya da fitilar gwaji: wadda ke kawo wuta sai an taka burki kaɗai, ba ta ƙaramar wuta ba. A haɗa da dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, murɗa waya da salatif ba ya shekara a zafin but. LED ce, tana da kai da gindi, in ba ta kama ba a juya wayoyin. Hujin da waya za ta bi a sa masa zoben roba, a bi da ita jikin hannun murfin tare da wayoyin asali, a bar mata sassauci, a buɗe a rufe a tabbata ba ta tsukewa.

Sai ka lura da nauyi. Murfin nan sandunan ƙarfe biyu masu murɗawa ke ɗaga shi, kuma an auna su ne da nauyinsa shi kaɗai. Ƙarin kilo 2 ko 3 a can ƙarshe na iya sa ya riƙa faɗowa a kan mai ɗaukar kaya. In haka ta faru a sa sandunan da aka yi wa mai sifoila, kuma bakanike ya cire su, don a ɗame suke, suna karya yatsa. Bayan an gama a sa mutum ya zuba ruwa da tiyo a kan ƙafafun sifoilar na minti 5, a buɗe a shafa ƙarƙashin kowane noti da busasshiyar takarda. A sake taɓa notocin bayan mako 1, robar kan ƙara kwanciya su yi sako-sako.