Man gyaɗa: jarka ko kwalba, wanne ya fi araha?

Mai Ƙosai:
Assalamu alaikum. Sana'ata suyar ƙosai, kuma na saba sayen man gyaɗa kwalba-kwalba a kan Naira 1,950, kwalbar nan mai cin santilita 75. Yanzu an yi mini tayin jarka mai lita 25 a kan Naira 60,000. Ɗana ya raba kuɗin jarkar gida 25, ya sami 2,400, sai ya ce kwalba ta fi sauƙi. Hankalina bai kwanta da lissafin ba, shi ya sa nake neman wanda zai warware mini.

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Rabawar da yaron ya yi daidai ce, sai dai 2,400 kuɗin lita ɗaya ne, ita kuwa kwalbarki ba ta kai lita ba, kashi uku ce cikin huɗu na lita. Ba a gwada farashi biyu sai an ɗora su a kan ma'auni ɗaya. Idan kashi uku sun tashi 1,950, to kashi ɗaya 650 ne, huɗun da ke cika lita kuma 2,600. Ke nan duk lita ɗaya da kika saya a kwalba kina ƙara Naira 200, wanda a lita 25 ya zama 5,000. Ki sa yaron ya sake lissafin da hannunsa, ya nemo nawa kwalba ɗaya za ta zo miki daga jarkar. Ya kamata ya sami 1,800.

Ɗan Kasuwa:
Bayanin Malam ya fito fes, amma akwai abin da takarda ba ta nunawa. Jarkar da ta cika lita 25 tana ba da kwalba 33, da ragowar rubu'in lita. Ranar da kika saya, Hajiya, ki juye ta a kwalabe ki ƙirga, domin idan 31 kika samu, kowace kwalba ta koma kusan 1,935, ribar kuma ta kusa ƙarewa. Sannan ki cire kuɗin dako da na mota daga cikin 5,000 ɗin.

Mai Ƙosai:
Allah ya saka muku da alheri. Kuɗin kawo jarkar gida Naira 800 ne, don haka saura 4,200 idan ta cika. Zan roƙi mai shagon ya auna ta a gabana kafin in biya.