"Ungulu ba ta jewar banza": wace jewar ake nufi?

Malam Tanko: Jama'a, ana faɗin wannan magana in an ga mutum ya matsa wa ƙofar wani da zarya, wato akwai abin da ya hango. To amma duk jewar ungulu mushe ne a ƙasa?

Baban Zainab: A'a, Malam, jewar iri biyu ce. Da hantsi, in ƙasa ta ɗau zafi, iska mai ɗumi kan tashi sama, sai ungulu ta shimfiɗa fukafukai ta bi ta tana zagaye, ko kaɗa su ba ta yi. Wannan hawa ne kawai. Wadda Bahaushe ke nufi ita ce ta saukowa: zagayen na ƙanƙancewa, ta sako ƙafafu ƙasa, 'yan uwanta su yi ta ɓullowa daga nesa, don da ido suke neman abinci, kowace tana lura da ta kusa da ita.

Inna Larai: Hawan ma ai ba na banza ba ne, don ta hango take yi. Amma ku fara tabbatar da ungulun kuka gani, sau da yawa shirwa ce ke shawagi a kan mahauta. A dubi wutsiya: ta shirwa doguwa ce mai baki biyu, tana ta murɗa ta a iska. Ta ungulu gajera, fukafukanta faffaɗa kamar allo, gashin ƙarshensu a wawware kamar yatsu. Shirwa ke surar tsako, ita kaza mai 'ya'ya ke gudu. Ƙafar ungulu ba ta da riƙo, a ƙasa take cin abinta.

Malam Tanko: To Inna, za a iya yabon ɗan kasuwa mai hange da wannan magana?

Inna Larai: Kul! Habaici ce, kwaɗayi take jingina wa mutum. In yabo kake so, kira shi mikiya.

Baban Zainab: Kuma kar a haɗa su. Mikiya ta fi girma nesa, wuyanta dogo, bakinta kakkaura, ita ke cin tsokar babban mushe. Ungulu mai siririn baki sai ta jira ta tsinci abin da ya maƙale a ƙashi. Mikiya kuma tana hawa sama ƙwarai: a 1973 jirgin sama ya yi karo da wata a saman Abijan, a tsayin mita 11,300.