Neman shawara: yadda 'yan Hindu ke rubuta sunan Rama

Ɗaliba: Salamu alaikum malamaina. An ba ni aikin gabatarwa a darasin nazarin addinai kan likhita japa. Na gane dai rubutun mantra ne, wato kalmar ibada ta 'yan Hindu, ana maimaitawa, amma yaya ake zaman, kuma wane kuskure zan kiyaye wurin bayani?

Malamin nazarin addinai: Wa alaikumus salam 'yata. Likhita na nufin rubutacce, japa kuma maimaita kalmar ibada. Mai yi yana ware littafi da alƙalami da ba ya taɓa su don komai sai wannan, ya wanke hannu, ya zauna wuri ɗaya a lokaci ɗaya kullum, yawanci da asuba. Swami Sivananda, malamin Hindu na garin Rishikesh a Indiya, ya koyar da a yi kamar rabin awa, ba magana, ido a kan takarda, zuciya na faɗin abin da hannu ke rubutawa. Mantra guda ake riƙewa, ko Rama, sunan ɗaya daga cikin ababen bautarsu, ko Om Namah Shivaya, kuma da yawa suna ƙirga 108 ne, adadin ƙwayoyin carbinsu.

Inda abin ke lalacewa shi ne gaggawa. Da zarar mutum ya koma neman cika shafi, sai hannu ya tafi shi kaɗai, haruffa su fara cin juna, hankali yana kasuwa. Su a wurinsu tsabtar rubutu ce ke nuna natsuwa.

Mazaunin Indiya: Malam ya gama magana. Ki ƙara da Ram Ramapati Bank na birnin Varanasi, wanda aka kafa a 1926. Ba kuɗi suke ajiyewa ba. Suna ba mutum "bashin" sunan Rama 125,000, ya rubuta 500 kullum da jar tawada, ya biya cikin kwana 250. A jihohin Andhra Pradesh da Telangana kuma akwai Rama Koti, wato rubuta sunan Rama sau miliyan 10. Ko 1,000 ake yi a rana, sai an haura shekara 27. Shi ya sa iyali ko jama'ar unguwa kan raba aikin.

Malama: Ƙanwata, kada ki kwatanta shi da rubutun sha, za ki ruɗa 'yan ajinku, don ba wankewa ake yi a sha ba. Littafin da ya cika ana naɗe shi a kyalle a ajiye a ɗakin bauta na gida, ko a kai shi haikali irin na garin Bhadrachalam. Ba a ajiye shi a ƙasa, ba a tsallake shi.